Shekarar da Na Daina Cin Girkin Rabi

Kowa ya yi kuskure a kan maganar nan, kuma har yau ban ga wanda ya fito ya ce ya yi ba. Matan unguwarmu a Ƙanƙara da suka ce ciki gare ni ba aure, ƙarya suke yi. Malamin da ya ce aljani ne ya aure ni yake kwana a marata, shi ma kazarsa kawai ya ci. Waɗanda kuwa suka fi kowa ɓata su ne mutanen gidanmu, da suka yarda a ransu cewa uwarku Rabi tana zuba mini wani abu a abinci. Ummi, ke da Halifa nake rubuta wa wannan. Yanzu ba ku iya karatu ba, amma za ku iya, kuma kafin ku iya ɗin wani zai riga ni zuwa kunnenku da nasa labarin. Na san gidanmu. Ba a faɗin magana a tsakar gida, a bakin murhu ake raɗa ta, a can take yin ƙiba. To ga tawa, ni Hajara ƙanwar ubanku, wadda aka yi abin a kan cikinta.

Ciwon ya fara ne ina sakandare. Ba irin ciwon marar da kowace mace ke yi ta sha ruwan zafi ta tashi ba. Ni in al'ada ta zo, a ƙasa nake kwanciya, don katifa ma ciwo take ƙara mini, in yi ta amai har in rasa abin amarwa. Duk wanda na gaya wa, amsa ɗaya ce: in kika yi aure zai daina. Na ce to a ba ni mijin a kwalba in riƙa sha safe da yamma. Inna ta ce bakina ne zai hana ni auren. Daga baya sai ciki ya shigo cikin maganar. Da safe in tashi shafe kamar kowa, kafin la'asar ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, zani ya ƙi ɗauruwa inda na saba ɗaura shi. Wani lokacin bayan gida ya ƙi fita sam, wani lokacin kuma in yi ta zarya da buta. Hijabi na rufa asiri, amma in iska ta kaɗa sai ta manna shi a jiki, kuma matan unguwarmu ba makafi ba ne. Inna da kanta ta kai ni wani ɗakin gwaji ta ce wai taifot za a duba. Taifot ɗin da ake ba mutum kwalba ya je ya yi fitsari? Na gane gwajin juna biyu ne, ta gane na gane, muka dawo gida.

Yaya Sale, babanku, shi ya gaji ya kai ni wani asibiti a Funtuwa. Muka yi sammako, don hanyarmu ba a binta in rana ta karkata. Bayan hoton ciki da tambayoyi masu yawa, wata likita mace ta ce abin da take gani ya yi kama da ciwon da ake kira endometiriyosis. Na ce ta faɗa da Hausa. Ta ce ba shi da suna da Hausa, sai dai bayani: irin naman nan da ke shimfiɗe a cikin mahaifa yana zuba duk wata, irinsa ne ke tsirowa a waje inda bai kamata ba, a jikin ƙwan haihuwa, wani lokacin har jikin hanji. In wata ya yi, shi ma sai ya taso da nasa, ba kuma hanyar fita. Ta rubuta mini magani, ta ce shi zai rage ciwon marar. Maganar kumburi da hanji kuma, ta ce in shiga ɗaki na ƙarshe in ga likitar abinci.

Ni ban taɓa jin akwai likitar abinci ba. Na ɗauka irin masu sayar da garin nan ne na gwangwani da ke maganin komai daga basir har talauci. Na shiga na tarar da wata 'yar siririya da ba ta girme ni da yawa ba, Malama Nafisa. Kafin in zauna na duba teburinta in ga abin da za ta tallata mini. Ba komai sai biro da kofin shayi.

"Mi kike sayarwa?" na ce.

"Ba na sayar da komai."

"To mi za ki ci da ni?"

Ta yi dariya. Ta ce kwanan nan ta dawo daga wani horo da aka ba irinsu a kan yadda abinci ke rage wahalar hanji ga masu irin ciwona, kuma ba za ta ɓoye mini ba, ni ce ta farko da ta zauna gabanta tun dawowarta.

"Wato da ni za ki koyi aski."

"Kusan haka. Amma askin nan ba ya fid da jini. In bai yi miki ba, ki koma cin abin da kika saba."

Wannan amsar ce ta sa na zauna. Da ta ce ta warkar da mata ɗari, da tashi zan yi. Ta fara tambayata abin da nake ci, daga kokon safe har tuwon dare, har da abin da nake lasa a tsaye. Sannan ta ce in saurara da kyau, abinci ba zai cire ciwon ba, ciwon yana nan, maganin likita ma in ci gaba da sha. Sai dai hanjin mai irin ciwona ba ya da haƙuri, akwai abubuwan da in sun shiga suke tsami a ciki su tara iska da ruwa, wanda wani zai ci ya kwana lafiya ni in ci in kumbura. Ta lissafa: wake, albasa, tafarnuwa, alkama da duk 'ya'yanta irin su taliya da alkubus da burodi, madara da nono, zuma, mangwaro. In ajiye su na 'yan makonni kawai, in ga ko cikin zai sauka. In ya sauka, sai mu riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan kaɗan, har mu gane wane ne mai laifin, wane ne aka ɗora wa. Ta jaddada cewa ba har abada ba ne, wanda ya daɗe a kan haka rama zai yi.

"Miya ba albasa," na ce, "ai ruwan wanki ce."

"Ki sa lawashi, ganyen ba ya yi. Ko ki soya albasar a mai ki tsame ta, ki yi miya da man."

"Daddawa fa?"

Ta juya biro. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce a horon da aka yi musu yawancin misalan na abincin wasu ƙasashe ne da ko sunansu ba a taɓa ji a kasuwar Ƙanƙara ba, su da kansu suka zauna suna laluben wane ne danginsa a nan. Daddawa da kuka ba wanda ya ba su amsa. Ta ce in bar su yadda nake ci, za ta tambayi malamansu. Ta tambaye ni komai a ranar nan, har launin bayan gidana. Abu ɗaya ne ba ta tambaya ba, ni ma bai faɗo mini in faɗa ba: wa ke yi mana girki a gida.

Uwarku ce ke yi. Tun da aka kawo ta daga Damari, Inna ta sauke tukunya, don gwiwoyinta sun gaji. Rabi ta iya girki, wannan ko maƙiyinta ba ya musu. Ni da ita kuwa wasan matar wa da ƙanwar miji muke yi kamar za mu cinye juna. Ita ta ce mini uwar tsiwa, ni in ce mata baƙauyiya mai hannun zuma. Saboda ta san ina son ɗanwake da wake da shinkafa, kuma ba na son a yi mini rowar albasa, sai ta daina zuba mini tare da su Inna. Ta ware mini wani kwano mai murfi, ta riƙa kwashe duk soyayyiyar albasar da ke ƙasan mai ta juye a kai, ta barbaɗa yajin tafarnuwa da take dakawa da kanta. In nono ya shigo gida, nawa ne na farko. Kowa ya san kwanon Hajara. Ba wanda ya taɓa ganin aibunsa.

Na dawo daga Funtuwa na sanar a tsakar gida, da ƙarfi, yadda na saba, cewa daga yau ni zan riƙa dafa nawa. Na lissafa abin da aka hana ni. Inna ta ce yanzu har albasa ta zama cuta, lallai duniya ta zo ƙarshe. Rabi ta dube ni, na ga abin ya taɓa ta, amma ta mayar da shi wasa.

"Ke da ba ki iya dafa ruwan zafi ba? Kawo in riƙa yi miki, uwar tsiwa, kada ki ƙona mana gida."

"Riƙe hannunki. Ke ko a koko sai ki sa albasa."

Na ƙi ne don na san tana da aikin gida duka ga goyon Halifa, kuma ina son in tabbata abin da ya shiga tukunyata. Na sami ɗan murhun gawayi na kafa a bakin ɗakina. Tuwon shinkafa, tuwon masara, miyar alayyafo da lawashi, ƙwai, kifi in an samu, kunu ba madara. Ban yarda zai yi aiki ba, na yi ne don in koma in gaya wa Malama Nafisa cewa horonta na banza ne. Sai ga shi cikin ya fara sauka. Ba duka ba, in al'ada ta gabato yana tasowa, marar ma tana nan da halinta. Amma na yi la'asar da zanina a ɗaure daidai, na yi magariba haka. Na je biki na zauna cikin mata ban rungume jaka a ciki ba. Wanda bai taɓa ɓoye cikinsa ba, ba zai gane daɗin wannan ba.

Ana haka Gwaggo Lanti, yayar Baba, ta zo daga Mairuwa duba Inna. Gwaggo mace ce da ba ta taɓa ganin abu ya faru haka kawai ba. In kaza ta mutu, akwai wanda ya kalle ta. Ta gan ni na yi haske ina fifita gawayi, ta zauna a tabarma ta sa Inna ta ba ta labari tun daga farko. Ina ji. Rabi ta shiga wanka.

"Tsaya," in ji Gwaggo. "Da can wa ke zuba mata?"

"Matar gidan," in ji Inna.

"Tare da ku take ci?"

"A'a, nata daban ake ware mata."

"Daban. Ku da kuke ci tare, akwai wanda cikinsa ya taɓa kumbura?"

"Babu."

"Ta daina cin na warewar, ta sami lahiya."

Na ajiye mafici na ce, "Gwaggo, wake ne da albasa. Likita ta yi mini bayani."

"Ke rufe mini baki, ɗiyar nan. Albasar da duk Katsina ke ci? Ni da na tsufa a kan wake, kin ga na kumbura? Likita ta ga hanya ce ta raba ki da abin, ba ta son ta faɗa miki kai tsaye. Su ma sun san irin wanga."

Ba ta ce barbaɗe ba. Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa komai ya tsaya. Ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce Rabi tana barbaɗa mini asiri a abinci. Gwaggo ta jera tambayoyinta ne kawai, ta ce Allah ya kyauta, ta nemi buta. Na yi ta bayani a ranar, na yi washegari, amma duk abin da na faɗa sai ya koma hujjarsu. In na ce na sami sauƙi, a ce to kin gani. In na ce Rabi saboda so take ware mini, a ce ai da ma da zuma ake kama ƙuda. Har dalili aka samo mata: wai tana son in rasa miji in zauna ina yi mata raino. Ni ma na sa ido a kan hannunta kwana biyu tana girki, don ni kowa ina sa wa ido, har Gwaggon. Na ga gishiri, na ga kanwa, na ga albasa kamar za ta buɗe shago. Ban ga wani abu ba.

Abin da ya biyo baya shi ne bai bar ni na yafe ba har yanzu. Ba faɗa, ba zagi. Kwanuka ne kawai suka fara dawowa yadda aka kai su. Baba ya ce ya ci a kasuwa. Inna ta ce cikinta ba daɗi, ta sa a sayo mata fura a waje. Gwaggo ta riƙa jan ki, Ummi, zuwa ɗakin Inna ta ba ki abin da ta dafa da kanta, ke da uwarki ta haifa. Rabi za ta tuƙa tuwo na mutum takwas, ta kwashe, da safe ta ɗumama, ta sake ɗumamawa, ta ba awaki. Yaya Sale yana ci, amma na ga yadda yake jinkiri kafin ya sa hannu, ita ma ta gani. Inna ce kaɗai ke da ikon kashe maganar da kalma ɗaya, amma Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta shiga tsakaninsa da matarsa. Kunyar ɗan fari ta zame mata wurin ɓuya. Rannan na tarar da Rabi a madafa tana kankare tukunya da ta riga ta fita tas.

"Hajo," ta ce, ba ta ɗago ba, "ke ma haka kike gani?"

"In da haka nake gani, da tuni kin ji a bakina. Kin san ni."

"Na san ki. To amma ke kika fara daina ci."

Na juya na koma bakin murhuna. Bayan kwana kaɗan ta ce za ta je ganin gida. Aka ce Allah ya kiyaye hanya, da sauri, ba wanda ya tambayi yaushe za ta dawo. Ta goya Halifa ta tafi. Ke, Ummi, Gwaggo ta ce a bar ki saboda makarantar allo.

Na koma Funtuwa da wuta a bakina. Na gaya wa Malama Nafisa cewa abincinta ya sauke mini ciki ya kuma kori matar wana. Ta saurara har na gama, fuskarta ta canza.

"Ban yi tunanin wannan ba," ta ce. "Wallahi ko sau ɗaya ba a taɓo shi ba a horon."

"To mi aka koya muku? Kun ɗauka kowa shi kaɗai yake zaune da tukunyarsa?"

Ta ce tana iya rubuta takarda in kai gida, ko ta yi magana da Baba ta waya. Na ce Gwaggo ta riga ta gama da wannan, ta ce likita rufa asiri take yi. Sai ta ce ai lokacin dawo da abincin ma ya yi, mu fara da wake, cokali biyu ko uku, in saurari jikina. Ina jin haka dabara ta faɗo mini, ita kuma ta gani a idona.

"Hajara, na ce cokali. Kin daɗe ba ki ci ba. In kika cika ciki za ki sha wuya, kuma ba za mu gane komai ba, don kin haɗa su duka."

"Ke ce ba za ki gane ba. Ni akwai waɗanda nake son su gane."

Na dawo gida na sami Gwaggo na yi murya mai laushi, wadda ban san ina da ita ba. Na ce ina marmarin ɗanwake, kuma tunda yanzu gida ya yi tsabta, ina son in ci na hannunta mai albarka. Ta ji daɗi ƙwarai. Da kanta ta aika aka sayo garin, da kanta ta jiƙa kanwa ta kwaɓa, ta jefa, ta soya mai da albasa. Na ce ta ƙara albasar, ta ƙara. Na ce ta sa tafarnuwa a yajin. Na sa aka kira Baba da Yaya, na zauna a tsakiyar gida da rana tsaka inda kowa ke gani, na cinye kwano guda, na bi da fura da nonon da Inna ta dama da hannunta. Na ce kowa ya shaida, Rabi tana Damari.

Kafin la'asar sakaliya na fara jin sa. Kafin magariba cikin ya fi yadda ya taɓa yi, ya yi tauri, numfashi ma da ƙyar. Na fito na ɗage riga a gaban Inna da Gwaggo, na kama hannun Gwaggo na ɗora a kai na ce ta danna. Daga nan ban ƙara iya tsayuwa ba. Ya haɗu da gabatowar al'ada, na yi kwanaki a ƙasa ina murƙususu, har na yi zaton na wuce gona da iri zan tafi a banza. Malama Nafisa ta yi mini faɗa ta waya kamar uwata, kuma tana da gaskiya, aikin makonni na rushe a zama ɗaya, sai da muka sake daga farko.

Kun san abin da Gwaggo ta ce? Ta ce ai abin ya riga ya zauna a jikina, shi ya sa ko wa ya dafa sai ya motsa. Amma ta faɗa ne tana kallon ƙofa, kuma da gari ya waye ta tuna tana da shanya a Mairuwa. Ta gane cewa in dai kumburina hujja ce a kan mai girki, to yanzu ita ce mai girkin. Inna ta zauna kusa da ni tana matsa mini tsumma mai ɗumi, sannan ta ce a hankali, kamar da bango take, "An ɗauki alhakin baiwar Allah." An ɗauka. Wa ya ɗauka, oho. Baba ya ce wa Yaya ya shirya ya je ya ɗauko iyalinsa.

Yaya ya je, ya dawo shi kaɗai. Baban Rabi, Malam Ɗanjuma, ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka kawo masa abinci, ya ce ɗiyarsa ce ta dafa, in yana iya ci bismilla. Sannan ya ce shi bai riƙe kowa ba, tambaya ɗaya gare shi: mi Rabi ta yi? In an faɗi laifin da aka zarge ta da shi, aka kuma janye shi a gabansa, ta bi mijinta a ranar. Yaya ya ce ai ba wanda ya ce ta yi wani abu. Malam Ɗanjuma ya ce to madalla, tunda ba a ce komai ba, ba abin da za a janye, sai ta ƙara hutawa. Aka tura wani dattijo abokin Baba, ya je ya yi ta zagaye da a yi haƙuri, zaman tare sai da haƙuri, shaiɗan ne. Shi ma ya dawo hannu rabbana. Duk gidanmu ba mai iya furta kalmar, don wanda ya furta ya amsa cewa an yi tunaninta. Sun fi son auren ya mutu a hankali da a ce su suka faɗa.

Yanzu na san masu laifina. Wake in ya yi yawa, albasa ɗanya ko soyayya, tafarnuwa, da nono in na wuce ludayi. Alkama ashe ba ruwanta sosai, na koma cin taliyata. Daddawa har yau malaman Malama Nafisa ba su ba ta amsa ba, ni dai ina ci ina lafiya. Ta ce ta kai labarina wurinsu ba tare da sunana ba, kuma yanzu duk wadda ta zo mata, kafin ta hana ta ko da ƙwayar wake sai ta tambayi wa ke girki, ta ce a zo da ita, a yi bayanin a gabanta, a damƙa aikin a hannunta. Ta roƙe ni in je in yi magana a gaban sababbin da za a horar. Ban amsa ba. Ina zargin so suke su tsayar da ni su nuna cikin da ya sauka a tafa musu. Na ce mata in ma zan zo, sai bayan na gama da abin da ke gabana.

Ga abin da ke gabana. Ranar kasuwa mai zuwa zan bi motar safe zuwa Sabuwa, daga nan in hau mashin zuwa Damari. Baba ya ce ba aikin mace ba ne, kuma hanyar ba kyau. Na ce mazan sun je sau biyu. Zan durƙusa gaban Malam Ɗanjuma, a kira Rabi, in faɗa da bakin nan da aka ce zai hana ni aure: gidanmu ya zarge ki da yi mini barbaɗe, Gwaggo ta shuka, Inna ta yi shiru, Baba ya ci a kasuwa, mijinki ya yi jinkirin sa hannu, kuma ƙarya ne. Na san in na dawo akwai waɗanda ba za su ƙara amsa gaisuwata ba. Su sha zamansu. Bayan nan zan nemi tabarma a ɗakinta in zauna, in gaya mata abin da cikina ke so da wanda ba ya so, ba kuma zan sa komai a bakina a garin nan ba sai abin da ta dafa, a gaban danginta da duk wanda ya leƙo. In ta ce za ta dawo, tare za mu dawo. In ta ce ta gama da gidanmu, ba zan roƙe ta ba, tana da gaskiya. Sai in koma Ƙanƙara in ɗauko ki, Ummi, in kai mata ke da hannuna, wanda ya isa ya tare ni a ƙofa.